Wa Ya Faɗa, a Ina Ya Faɗa? Martani ga Mai Cewa Zamanin Laburare Ya Wuce

Na karanta rubutun da wani malami ya yi a wannan shafi kwanakin baya, inda ya yi kira ga jami'o'i da kwalejojinmu su daina wahalar da ɗalibai da zancen shiga laburare da jera manazarta a ƙarshen kundi. Ban san Malam ido da ido ba, amma daga alƙalaminsa na fahimci mutum ne mai tausayin ɗalibai, wanda wahalar da suke sha ta dame shi. Wannan abin yabo ne. Sai dai maganar da ya ɗauko babba ce, kuma idan aka bar ta ta zauna a zukatan yaranmu, ɓarnar da za ta yi ta fi wahalar da yake son raba su da ita.

Hujjojinsa uku ne. Ta farko, ya ce laburarenmu sun zama kufai, littattafan cikinsu sun tsufa, ga rashin wuta, alhali wayar da ke aljihun ɗalibi tana ɗauke da abin da ya ninka na kowane gini. Ta biyu, ya ce kawo madogara al'ada ce ta Turawa da aka ɗora mana, wadda ta mayar da bincike wasan aya da waƙafi. Ta uku, ya ce ilimi ba na kowa ba ne balle a ce an sace shi, abin da ake bukata kawai shi ne ɗalibi ya fahimci abu ya iya bayaninsa, har ya kafa hujja da cewa Abubakar Imam ma ya ɗebo labarai daga littattafan wasu bai jera sunayensu ba.

Akwai gaskiya a cikin abin da ya gani, kuma ba zan ɓoye ta ba. Akwai laburaren da za ka shiga ka tarar ƙura ta rufe kanta, mujallar da ta fi sabunta ta kwana biyu, fanka ba ta juyawa. Akwai malaman da za su mayar wa ɗalibi da kundi saboda bai sa sunan littafi da rubutun tsutsa ba, amma ba su taɓa tambayarsa ko ya ga littafin da idonsa ba. Malam ya gano ciwon, wurin maganin ne muka rabu. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Zan fara da hujjarsa ta biyu, domin ita ce ta fi ba ni mamaki daga wanda ya tashi a ƙasar nan. Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami a zaure ya san ba a karɓar hadisi sai an ji wanda ya ruwaito shi. Abdullahi ɗan Mubarak, wanda ya rasu a shekara ta 181 bayan Hijira, ya lissafa isnadi a cikin addini kansa, kamar yadda Imam Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa, domin shi ne katangar da ke hana mutane jingina wa addini son zuciyarsu. A kan wannan tushe malamai suka gina fanni guda na bin diddigin maruwaita: wane ne shi, yaushe ya rayu, ya haɗu da wanda yake cewa ya ji daga gare shi, yaya ƙarfin haddarsa? Da wannan ma'auni aka ware ingantaccen hadisi daga mai rauni, aka ware mai rauni daga ƙirƙirarre. Ƙa'idojin kawo madogara na APA, waɗanda Malam ke kuka da su, a 1929 aka fara buga su a Amurka. Tsakaninsu da rasuwar ɗan Mubarak akwai fiye da shekara 1,100.

Kada ma mu tafi nesa, mu tsaya a Sakkwato da Gwandu. Wanda ya karanta Bayanu Wujubil Hijra, wanda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kammala a 1806, zai ga kusan kowace mas'ala a jingine take. Shehu zai ambaci malamin da ya faɗa, ya ambaci littafin da ya faɗa a ciki, ya kawo maganar, sannan ya sa alamar cewa nan maganar wancan ta ƙare, don kada mai karatu ya gauraya ta da tasa. Ƙanensa Malam Abdullahi ya rubuta Ida'un Nusuki takanas don ya bayyana malaman da ya yi karatu a hannunsu da littattafan da ya karanta wurin kowanne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa, a Infaƙul Maisuri, da ya zo kan saɓanin da ke tsakaninsu da Shehu Muhammadu Al'amin Alkanemi na Barno, sai ya kwafo wasiƙar abokin jayayyarsa ya sa a littafin, sannan ya ba da amsa. Saboda wannan amana ce yau muke iya jin hujjar ɓangarorin biyu. Waɗannan bayin Allah ba su shiga ajin boko ba. Abin da Bature ya kawo mana shi ne fasalin jerawa, wato shekara a cikin baka, da lambar shafi, da sunan maɗaba'a. Asalin ɗabi'ar kuwa, a gida muka tarar da ita.

To, mene ne amfaninta ga ɗalibin yau? Bari in ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Da wuya ka buɗe kundin ɗalibi da ya taɓo tarihin Kano ba ka ga an rubuta cewa Bagauda ya zama sarki a shekara ta 999 ba. Haka maganar take yawo a shafukan intanet, wannan ya kwafa daga wancan, babu mai cewa ga inda ya samo. Ɗalibin da ya bi shawarar Malam zai fahimce ta, ya haddace ta, ya iya bayaninta, ya kuma koyar da ita idan ya zama malami.

Ɗalibin da aka tilasta wa kawo madogara kuwa dole ya tambaya: daga ina? Tambayar za ta kai shi ga wani rubutun Larabci da aka sani da Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer, jami'in mulkin mallaka, ya fassara zuwa Turanci aka buga a wata mujalla a Landan a 1908. Akwai kuma fassararsa ta Hausa a Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. A nan zai gano abubuwa biyu da ba zai taɓa sani ba in da ya tsaya a waya. Na ɗaya, rubutun yana ba da adadin shekarun da kowane sarki ya yi ne, Palmer ne ya tattara su ya yi lissafi da baya har ya sauka a kan 999. Na biyu, rubutun ya tsaya ne a kan Sarkin Kano Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1893, kuma masana da dama suna ganin a zamaninsa aka harhaɗa shi, wato kusan shekara 900 bayan lokacin da ake danganta wa Bagauda. Daga nan zai tarar masana sun daɗe suna muhawara a kan littafin. Murray Last ya yi rubutu a kai a 1980, M. G. Smith ya sa baki a 1983 a littafin da Bawuro Barkindo ya tace kan tarihin Kano, John Hunwick kuma a 1994 ya sake tayar da maganar wanda ya rubuta shi.

Wannan bai rage wa Tarihin Kano daraja ba, yana nan a matsayin ɗaya daga cikin manyan taskokinmu. Amma ɗalibi na biyu zai rubuta cewa, bisa lissafin da Palmer ya yi a 1908, sarautar Bagauda ta fara a 999. Bambancin jimlarsa da ta ɗalibin farko 'yan kalmomi ne, amma shi ne bambancin mai bincike da mai ji ta ji ta. Na farko ya san magana, na biyu ya san nauyin maganar da iyakarta. Fahimtar da Malam ke kira a mayar da hankali a kanta, ta wannan hanya ake samun ta. Kuma duk wanda ya karanta kundin ɗalibi na biyu, ko bayan shekara talatin ne, yana iya bin sawunsa ya duba da kansa, ya gaskata shi ko ya gyara masa.

Mu koma kan hujja ta farko, cewa komai yana cikin waya. Wataƙila haka abin yake ga wanda ke nazarin tarihin Faransa ko tattalin arzikin Amurka, domin waɗannan ƙasashe sun kashe dukiya mai yawa wajen ɗora takardunsu a intanet. Ɗalibanmu fa, a kan me suke bincike? A kan kasuwar ƙauyensu, da sarautar gundumarsu, da karin harshen yankinsu, da waƙoƙin wani makaɗi, da noman rani a fadamar garinsu. Mafi yawan abin da aka rubuta a kan waɗannan har yau a takarda yake.

A ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna akwai fayil-fayil na lardunan Kano da Sakkwato da Zariya da Katsina da sauransu, cikinsu har da rahotannin da jami'an mulkin mallaka suka rubuta lokacin ƙiyasta haraji, gunduma bayan gunduma, da yawan mutane da dabbobi da sana'o'i. A Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, wanda aka mayar cibiyar bincike a 1970 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Abdullahi Smith, akwai rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami da takardun gwamnatin Jihar Arewa. A Sakkwato akwai hukumar tarihi da ke ɗauke da sunan Waziri Junaidu, malamin da taskar littattafansa ta zama ginshiƙin binciken Murray Last a kan Daular Usmaniyya, ta kuma taimaka wajen tattara ayyukan Nana Asma'u da aka buga a 1997. A Yamai, cibiyar binciken kimiyyar ɗan'adam ta jami'a tana riƙe da dubban rubuce-rubucen hannu waɗanda Bubu Hama ya yi ɗawainiyar fara tarawa. A Jami'ar Gana da ke Legon akwai ayyukan Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano da ya rasu a 1934. Ga tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939. Ga mujallun sassan harsunanmu, irin su Harsunan Nijeriya da Algaita da Harshe da Ɗunɗaye, waɗanda tsofaffin fitowarsu sai a kanta. Ga kundayen digiri da suka taru shekara da shekaru a Laburaren Kashim Ibrahim da ke Zariya da takwarorinsa na Kano da Sakkwato da Maiduguri. Idan muka ce wa ɗalibi ya wadatu da waya, mun ce masa ke nan ya san ƙasarsa gwargwadon abin da wasu suka ga damar ɗorawa.

Zancen tsufan littafi kuma ya danganta da fanni. Mai karatun likitanci ko haɗa magunguna lallai yana bukatar binciken bana. Amma ƙamusun Bargery na 1934 har gobe ana komawa gare shi don jin ma'anar kalmomin da suka fara ɓacewa daga bakin mutane, kuma wanda zai yi nazarin tarihin rubutun Hausa ba zai tsallake Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya ba don kawai a 1988 aka buga shi.

Sannan abin da ke intanet ɗin ma ba tabbas gare shi ba. Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta fitar da rahoto a 2024 da ya nuna kashi 38 cikin 100 na shafukan da suke nan a 2013 sun ɓace bayan shekara goma. Ɗalibin da ya liƙa adireshin shafi kaɗai, ba sunan marubuci, ba take, ba shekara, ya bar wa mai karatu ƙofar da mai yiwuwa gobe babu ita.

Malam ya kuma yaba wa ƙirƙirarriyar basira, ya ce ChatGPT zai yi wa ɗalibi a minti biyar abin da zai kwashe mako yana nema. Ya kamata mu san yadda wannan na'ura ke aiki. Tana harhaɗa kalmomi ne bisa hasashen wace ce ta fi dacewa ta biyo bayan wata, gwargwadon tarin rubutun da aka horar da ita da shi. Shi ya sa takan ƙago sunan littafi, da marubuci, da shekara, da lambar shafi, duk su fito tsaf kamar gaske, alhali babu su a duniya. A 2023, a wata kotun tarayya da ke New York, wasu lauyoyi sun gabatar da takardar da ta kafa hujja da shari'o'i shida waɗanda ChatGPT ya ƙago, a ƙarar da wani fasinja ya shigar a kan kamfanin jiragen sama na Avianca. Da aka nemi shari'o'in aka rasa, alƙali ya ci su tarar dala 5,000. Wannan a Turanci ke nan, harshen da rubutunsa ya cika intanet. Ina ga tambaya a kan adabin Hausa ko tarihin wata masarauta, inda abin da na'urar ta gani kaɗan ne? Ban ce a haramta ta ba. Tana iya taimaka wa ɗalibi ya tsara tunaninsa ko ya gane wata kalma mai wuya. Amma duk sunan littafin da ta ba shi, sai ya je ya nemo littafin ya buɗe, kuma nan ne ƙafarsa za ta sake kai shi laburare.

Wani abin da ya kuɓuce wa Malam shi ne, laburare ya wuce gini da kanta. Yawancin mujallun ilimi masu inganci a intanet a kulle suke, sai da kuɗi, kuma mabuɗin a hannun laburare yake. A 2006 rumbun mujallu na JSTOR ya buɗe wa cibiyoyin ilimi na Afirka ƙofa ba tare da kuɗin da ake karɓa a wasu nahiyoyi ba, kuma a cikinsa ake samun fassarar Palmer da maƙalun Last da Hunwick da na ambata. Akwai HINARI, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002 domin masu nazarin lafiya, da AGORA na hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya biyo baya a 2003, dukansu ana samu kyauta ko da rahusa idan makaranta ta yi rajista. Akwai AJOL, wanda ya tattara ɗaruruwan mujallun Afirka wuri guda. Sau da yawa makaranta tana da damar shiga waɗannan rumbuna, kalmar sirrin tana wurin ma'aikacin laburare, amma ɗalibi ya gama karatunsa bai taɓa tambaya ba. An koya masa amfani da laburare a shekarar farko, ya haddace don jarrabawa, ya manta, sai a shekarar ƙarshe bukatar ta taso. Ashe ita kanta wayar da Malam ke yabo ba ta cika amfani sai ta bi ta laburare.

Ko a cikin ginin ma akwai hikimar da Google ba ya bayarwa. Laburaren jami'o'inmu da dama suna bin tsarin jera littattafai na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, inda kowane fanni ke da lambarsa. Tarihin Nijeriya yana ƙarƙashin DT515, harshe da adabin Hausa kuma daga PL8231 zuwa PL8234. Ɗalibin da ya je neman littafi ɗaya a wannan kanta zai ga maƙwabtansa a dama da hagu, ya ci karo da ayyukan da bai san da su ba balle ya rubuta sunansu a akwatin nema. Idan ya buɗe ƙarshen littafin kuma, manazartar marubucin za ta nuna masa wasu goma. Haka bincike ke yaɗuwa, kuma da marubutan baya sun bi shawarar Malam sun daina jera manazarta, da wannan hanya ta toshe.

Saura hujja ta uku. Gaskiya ne Abubakar Imam ya ɗebo wasu labaran Magana Jari Ce daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus da wasu wurare, ya sake musu tufafi suka zama na Hausa. Amma littafin hira ya rubuta, bai ce wa kowa ga sakamakon bincike ba, bai kuma nemi a ba shi digiri a kai ba. Mai ba da labari alƙawarinsa shi ne ya nishaɗantar ya yi hannunka mai sanda. Mai bincike alƙawarinsa shi ne ya faɗi abin da ya tabbata da yadda ya tabbatar. Kuma yadda muka san tushen labaran Imam ɗin, ai aikin manazarta ne irin su Farfesa Ibrahim Malumfashi, waɗanda suka zauna suka kwatanta littafi da littafi, suka faɗi inda suka samo. Misalin da Malam ya kawo, da madogara aka gano shi.

Cewa ilimi ba na kowa ba ne, magana ce mai daɗin ji, amma mu duba wanda take cuta. Akwai ɗalibar da ta tara kuɗin mota da ƙyar, ta shiga ƙauyuka tana hira da tsofaffi, ta rubuta kundi a kan waƙoƙin daka. Bayan 'yan shekaru wani ya je shagon buga takardu ya biya aka cire sunanta aka sa nasa, aka canza sunan gari. An zalunce ta, an zalunci tsofaffin da suka ba ta iliminsu, an kuma zalunci mai karatu, wanda yanzu zai ɗauka waƙoƙin wancan gari na wannan ne. Ƙarya ta shiga taskar ilimi ke nan, kuma wani zai zo ya yi gini a kanta. Haramun ne a addini, laifi ne a dokar kowace jami'a, kuma abu ne da ke bin mutum. A Jamus, ministan tsaro Karl-Theodor zu Guttenberg ya sauka daga muƙaminsa a 2011 bayan Jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirinsa na uku saboda satar fasaha. A 2013 ministar ilimi ta ƙasar, Annette Schavan, ita ma ta sauka, a kan kundin da ta rubuta tun 1980. Shekara 33 ba ta binne maganar ba.

Inda nake tare da Malam ɗari bisa ɗari shi ne, an fifita fasali a kan manufa. Ko APA ne, ko MLA, ko tsarin da sashe ya zaɓa, tambayoyi huɗu suke amsawa: wa ya faɗa, yaushe, a wane aiki, a ina za a same shi. Aya da waƙafi kuwa, manhajar Zotero, wadda kyauta ce, tana jera su cikin ƙiftawar ido. Abin da na'ura ba za ta yi wa ɗalibi ba shi ne riƙon amana, kuma shi ya kamata a koyar. Ya saba, tun ranar farko, duk abin da ya karanta ya rubuta sunan marubuci da take da shekara da maɗaba'a da shafi nan take, kada ya bari sai daren miƙa kundi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ya ware kalmomin marubuci da ya kwafo daga nasa bayanin. Ya san cewa ko ya juya magana da kalmominsa, ko ya fassara ta daga Turanci ko Larabci zuwa Hausa, tunanin na mai shi ne, sai an ambace shi.

Akwai kuma wani laifi da ya zama ruwan dare, har ba a ɗaukarsa laifi. Ɗalibi ya ga wani marubuci ya ambato Bargery, sai ya tsallake marubucin ya rubuta Bargery kai tsaye, kamar shi ya buɗe ƙamusun. Malaman hadisi sun san wannan dabara, suna kiranta tadlisi, wato mai ruwaya ya ɓoye wanda ya ji daga bakinsa ya nuna kamar daga na sama ya ji, kuma sun ɗauke ta aibi ga mai ruwaya. Idan na tsakiyar ya yi kuskure wajen kwafa, kuskuren ya wuce ke nan ba mai sanin inda ya shigo. Gyaran mai sauƙi ne: ka nemo asalin, in ba ka samu ba ka ce wane ne ya ambato shi.

Ilimin baka ma yana da nasa haƙƙi. Sassan Hausa na jami'o'inmu sun daɗe da al'adar rubuta sunan wanda aka yi hira da shi, da shekarunsa, da sana'arsa, da wuri, da rana, idan ya yarda a ambace shi. Wannan ita ce hanyar da sunan maƙeri ko ungozoma ko sarkin ruwa ke shiga littafi a matsayin masani. Haka mai nazarin waƙar Shata ko Narambaɗa ko Ɗanƙwairo ya kamata ya faɗi wane ɗauka ya saurara, domin makaɗin baka yakan sauya baiti daga wannan zama zuwa wancan. Wanda ya kwafo baiti daga saƙon WhatsApp bai san ko na makaɗin ne ko wani ya ƙara masa gishiri ba.

Saboda haka ina roƙon Malam ya juya alƙalaminsa inda zai yi amfani. Mu tambayi shugabannin makarantu yadda ake kashe kuɗin bunƙasa laburare da asusun TETFund ke bayarwa. Mu tambayi gwamnati dalilin da ya sa ginin hedikwatar Laburaren Ƙasa a Abuja, wanda aka ba da kwangilarsa a 2006, ya kwashe shekaru bai kammalu ba. Mu nemi a sa wutar sola a ɗakunan karatu, a tsawaita lokacin buɗewa, a ɗauki hoton tsofaffin kundaye da mujallu da rubuce-rubucen ajami a ɗora su inda ɗalibin Zinder da na Yola za su gani. Mu nemi a maimaita darasin amfani da laburare a shekarar da ɗalibi zai fara rubuta kundi, a cikin laburaren, tare da ma'aikatansa. Mu malamai kuma, kowane kundi ya zo hannunmu, mu zaɓi madogara biyu ko uku mu ce wa ɗalibi ya kawo littafin ya nuna shafin. Ranar da ɗalibai suka san za a yi musu wannan tambaya, cinikin masu sayar da kundi zai ja baya.

Tausayin da ya dace da ɗalibi shi ne a gyara masa wurin karatu, a nuna masa hanya, a kuma tsaya a kan cewa sai ya bi ta. Waɗannan yara su ne gobe za su rubuta rahoton asibiti, su yanke hukunci a kotu, su tsara kasafin kuɗi, su hau mumbari. Idan muka yaye su ba su saba tambayar wa ya faɗa da a ina ya faɗa ba, mu ne za mu zauna a ƙarƙashin hukuncin da suka gina a kan jita-jita.